Babu Jirgi Tsakanin Gidajen 'Ya'yana

Shekarar da muka je Amurka ni da Baba, ni aka ɗora wa tsara tafiyar, kuma ba don na fi kowa sanin hanya ba. Iyakar tafiyata a duniya a lokacin Khartum ce, sai Gadarif da na taɓa zuwa biki. Abin da ya sa aka ɗora mini shi ne, a cikin 'ya'yan Baba ni kaɗai ce nake magana da kowa.

Mu uku ne. Yayana, babban ɗa, yana Filadelfiya yana tuƙa motar raba kaya. Ƙanwata, auta, tana Kolombos tana aikin jinya a wani asibiti. Ni ce ta tsakiya, ina koyarwa a makarantar 'yan mata a garinmu Mai Wurno, a Sudan, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidan mijina da gidan Baba.

Yaya da ƙanwata sun daina magana tun rasuwar Inna. Lokacin da Inna ta kwanta a asibitin Sinnar, ƙanwata tana gida ta zo hutu, ita ce a kanta. Yaya ya kira ya tambaye ta ko ya ajiye aiki ya taho. Ta ce masa Inna ta fara samun sauƙi, har ta sha kunu, ya jira lokacin hutunsa. Makon bai ƙare ba Inna ta cika. Yana cikin mota a kan titi aka gaya masa. Daga ranar bai sake ce wa ƙanwata uffan ba, ko gaisuwar Idi. Idan ina waya da shi na ambace ta, sai ya ce, "To, yaya yara?" Ita kuma idan na ambace shi sai ta yi shiru har in ɗauka shabakar waya ce ta yanke.

Kowannensu ya daɗe yana roƙon Baba ya zo ya ga gidansa da jikokinsa. Baba yana cewa sai an ga hali. Rannan kuwa, bayan an gama noman farko, yana zaune a kan angarib, gadonsa na igiya, a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida yana shan gahawar jabana, sai ya kira ni.

"Ustaza," haka yake kirana in yana son ya tsokane ni, "ki gaya ma 'yan'uwanki ina tahowa. Ke za ki raka ni. Amma ki ji da kyau, kafin riɗi shi isa yanka ina gida."

Riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye sai ya tsage ya zube a ƙasa. Hutun makarantarmu ma a damina yake ƙarewa. Saboda haka lokacin da muke da shi ɗan kaɗan ne, kuma a cikinsa sai mun ga birane biyu.

Samun tashira, wato izinin shiga ƙasar, shi na ɗauka zai fi wuya. Muka je Khartum, aka yi mana tambayoyi ta bayan gilashi, Baba ya amsa da Larabcinsa na tsofaffi, aka ba mu duka biyu. A hanyar dawowa ina ta hamdala a cikin bas, ban san ashe yanzu aikin zai fara ba.

Safiyar Amurka la'asar ɗinmu ce. Kullum in na sauke tukunya, sai in hau tsani in zauna a kan rufin ɗakin ajiya, don nan ne shabaka ta fi kamawa. Daga can ina hango bahar, babban koginmu, ya cika ya yi ja, da lambunan mangwaro a bakinsa. Sai in buɗe waya in tarar da saƙonnin murya a jere, na Yaya daban, na ƙanwata daban, kowa yana magana kamar ɗayan ba ya duniya.

Rigimar farko a kan wa za a fara sauka wurinsa ce. Yaya ya ce wannan ba abin tambaya ba ne, shi ne babba. Ƙanwata ta ce Baba yana da ciwon sukari, zai yi doguwar tafiya irin wadda bai taɓa yi ba, ya kamata ya fara sauka inda za a duba shi. Na kai wa Yaya maganar a tausashe, na cire sunanta daga ciki, na ce ni ce nake tunanin lafiyar Baba.

"Ita ta ce, ko?" in ji shi. "Ita ce mai sanin lafiyar mutane. Mun gani."

Ban kai mata wannan ba. Na je na tambayi Baba, ya ce a fara da babba, a tashi daga wurin ƙarama. Wannan ya mutu.

Kwana kaɗan bayan haka Yaya ya turo hoton hanyar da ya zaɓa. Ya ce ya samu mai kyau, kuma ya riƙe mana kujeru, jira kawai yake in ce to. Za mu tashi daga Khartum, mu sauya jirgi a wani birni na Turai, mu sake sauyawa a wani, sannan mu sauka a Filadelfiya, kusa da gidansa. Ni dai na ga sunayen birane da lokuta, ban ga wani aibu ba. Na tura wa ƙanwata don ta san ranar.

Ba a jima ba ta kira, ba saƙo ba, kira.

"Yayata, kada ki yarda da wannan. Da jawaz ɗinmu, fasfon Sudan, ba a bari mutum ya sauya jirgi a can sai da wata tashira ta daban. Tun a Khartum za a hana ku hawa. Ki gaya masa."

"Ke ki gaya masa mana."

"Kin san ba zai ɗauka ba."

Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa. Daga ƙarshe na hau hafila, ƙaramar bas ta haya, na tafi Sinnar, na shiga wani ofishin sayar da tazkara, wato tikitin jirgi, kusa da kasuwa, don in samu bakin da ba nata ba. Mutumin ya duba hoton ya ce haka ne, hanyar ba ta yi mana ba. Ya nuna mini wata: daga Khartum zuwa Alƙahira, daga Alƙahira kai tsaye zuwa Niyok, sai Yaya ya zo da mota ya ɗauke mu. A dawowa kuma mu tashi daga Kolombos zuwa Niyok, mu kamo hanyar gida. Ya ce abu ɗaya zan kula da shi, jirgin Khartum ɗin in ya kuɓuce mana, na Alƙahira ma ya tafi, kuma a wannan lokaci na shekara kujeru sun yi wuya, za mu iya yin makonni ba mu samu wasu ba.

Na gaya wa Yaya cewa mai ofis ne ya gano matsalar. Sai ya juya zuwa Larabci, yadda yake yi in ransa ya ɓaci.

"Khalas. Ku yi yadda kuka ga dama, ke da ita."

Amma ya saki kujerun da ya riƙe, muka sayi na Alƙahira.

Saura abu ɗaya, yadda za mu tashi daga Filadelfiya zuwa Kolombos. A nan ne kawai su biyun suka yi baki ɗaya ba tare da sun sani ba. Yaya ya ce zai saya mana tazkarar jirgin cikin gida, ya kai mu filin jirgi ya sa mu a hanya. Ƙanwata ta ce ita za ta saya, ta tarye mu a ɗaya gefen. Na ji daɗi, na ce yau dai an samu abin da ba rigima. Na sauko daga rufi na sami Baba yana gyaran igiyar akuya.

"Tsakanin garin yayanki da garin ƙanwarki," in ji shi, bai ɗago ba, "akwai ruwa?"

"Babu, Baba."

"Akwai hanyar mota?"

"Akwai. Amma da nisa, wuni guda ne cur."

"Kamar nan da ina?"

"Ya fi nan da Khartum sosai."

Ya ja igiyar ya ɗaure. "To ki gaya mai shi zai kai ni. Da motarshi, da hannunshi, har ƙofar gidanta. Babu jirgi tsakanin gidajen 'ya'yana."

Na tsaya ina kallonsa. Sai a lokacin na gane abin da ya tayar da tsohon nan daga gonarsa a tsakiyar damina. Na ce, "Baba, kun san ba zai yarda ba."

"Ban ce ki tambaye shi ba. Cewa niy yi ki gaya mai."

Na gaya masa washegari. Na daɗe ina share fage, ina cewa Baba yana son ya ga ƙasa, yana son ya ga gonakinsu, jirgi yana gajiyar da shi. Yaya ya bar ni na gama.

"Ki ba shi wayar."

Na sauko na miƙa wa Baba. Ina tsaye ina jin muryar Yaya tana fita sama-sama, yana cewa aiki ba zai bar shi ba, motar ta tsufa, hanyar da nisa, bayan Baba zai yi ciwo. Baba yana ta cewa "uhm". Da ya gama, Baba ya ce, "In ba ka iyawa, ba laifi. In na gama kwanakina wurinka sai ka maishe ni Niyok in koma gida. Ita kuma ka gaya mata da bakinka abin da ya hana ta ganina." Ya miƙo mini wayar ya tafi alwala.

Daga ranar Yaya ya daina amsa saƙona a kan wannan magana. In na tambaye shi wace riga Baba zai ɗauka, ya amsa. In na tambaye shi ko ana shiga da busasshiyar kuɓewa da kilishi, ya amsa, ya ce kilishi kada mu kuskura. In na ce, "To maganar mota fa?" sai in ga alamar ya saurara, shiru. Ƙanwata kuma kullum tana tambayata wace rana za mu iso ta nemi hutu a wurin aiki, ni kuwa ba ni da ranar da zan ba ta. Tazkararmu ta dawowa daga Kolombos take tashi. In Yaya ya ƙi, Baba kuma ya ƙi jirgi, ban san yadda za mu yi da ita ba. Na fara rama. Mijina ya ce in saya mana tazkarar cikin gidan a ɓoye, in an je can a lallashi tsoho. Na ce bai san Baba ba.

Ana saura mako guda mu tashi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki. Masu hafila suka fara cewa hanyar Madani, wadda za ta kai mu Khartum, ta yi laushi a wani wuri. A Khartum kuma lokacin ana yawan fita zanga-zanga, in an sa rana sai a rufe tituna a yanke shabaka. Aka ce an sa rana, kuma ta faɗo daidai ranar tashinmu. Jirginmu na bayan azahar ne. Na ce wa Baba mu tafi tun ana gobe, mu kwana a gidan ɗan ƙanensa da ke kudancin birni, da safe ya kai mu.

Mun fita da sassafe. Maƙwabta suka cika ƙofar gida, tsofaffi suna ta addu'a, wata gwaggo tana cusa mini ƙullin daddawa a jaka tana cewa na auta ne. Baba ya sa farar jallabiya da rawani, ya riƙe sandarsa. Ni kuma ina rungume da fulas mai ƙanƙara wanda allurar sukarinsa take ciki, da jakar da na sa jawaz ɗinmu na rataya a wuya a ƙarƙashin mayafi. Kafin hafila ta tashi na duba waya. Har yanzu babu amsar Yaya a kan maganar mota.

A Sinnar muka hau babbar bas. Tafiya ta yi kyau har muka wuce rabin hanyar Madani, sai bas ta rage gudu ta tsaya a bayan wata doguwar mota. Na leƙa ta taga na ga layin motoci har inda ido ya ƙare. Direba ya sauka, ya daɗe, ya dawo yana share fuska da hula. Ya ce ruwa ya ɓalle daga wata babbar tura'a, wato magudanar ban ruwa, ya haye titi ya cinye gefensa, wata motar kaya ta gwada ta kwanta a ciki ta toshe hanya. Sai an zo an janye ta.

"Yaushe?" mutane suka tambaya.

Ya ɗaga hannu sama.

Muka wuni a wurin. Rana ta fito bayan ruwa, zafi ya taso daga ƙasa mai ɗanɗanon laka. Ina buɗe fulas ina dubawa, ƙanƙarar tana ta narkewa. Mata daga ƙauyen da ke kusa suka fito da shayi da kisra, gurasar dawa, suna sayarwa, na sa Baba ya ci, na yi masa allura a bayan kujera. Da la'asar na gwada kiran ɗan ƙanen Baba in gaya masa mun makale, wayar ta ƙi shiga. Na duba, babu shabaka ko ɗigo. Wani saurayi a kujerar gaba ya ce an yanke tun yanzu, ba a jira gobe ba.

Baba ya wuni yana jan carbi. Da magariba ta yi ya ce, "In ba mu samu jirgin ba fa?"

Na ce, "Sai mu koma gida, Baba. Ba na jin za mu samu wani kafin yankan riɗi."

Ya daɗe yana kallon ruwan. "Ni ban da wata shekara da zan ce bari sai baɗi," in ji shi. Ban taɓa jin ya yi irin wannan magana ba.

Mutanen ƙauyen suka buɗe mana makarantarsu muka kwana, maza a aji ɗaya, mata a ɗaya. Da gari ya waye motar kayan tana nan kwance yadda take. Amma sai muka ga mutane sun fara wata dabara: motocin da suka taho daga Madani sun tsaya a wancan gefe, fasinjojinsu suna tsallakowa da ƙafa, na wannan gefe suna tsallakawa, kowace mota ta juya da sababbin mutane. Masu amalanken jaki suna ɗaukar kaya. Na je na duba ruwan. Ya kai cinyar namiji, ja ne wur, yana gudu, kuma ba a ganin inda kwalta ta ƙare.

Na dawo na ce wa Baba ya hau amalanke tare da akwatuna. Muna tsaye muna ciniki sai wani amalanke da ke tsakiya ya karkata, ƙafarsa ɗaya ta faɗa rami, buhuna suka zube a ruwa, mai jakin yana ihu. Baba ya ce shi da ƙafarsa zai shiga, ya fi yarda da ita. Ya naɗe jallabiya har ƙugu, ya cire takalmi ya rataya a wuya, ya ba ni hannu ɗaya, ɗayan yana dogara sanda.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a cikin ruwan nan ba. Na ɗora fulas a ka na riƙe da hannu ɗaya, jakar jawaz na cije igiyarta da haƙori don kada ta taɓa ruwa. Ruwan yana tura mu gefe. Baba yana soka sanda kafin kowane taku, yana cewa, "Nan. Nan. A'a, dawo hagu." A tsakiya ƙafarsa ta zame, ya durƙusa har ruwa ya kai masa ƙirji, na ji nauyinsa duka a hannuna. Na kasa ihu saboda igiyar da ke bakina. Wani mutum da ke tahowa daga ɗaya gefen ya saki kayansa ya cafke shi ta hammata, muka ɗaga shi tare. Rawanin ya tafi da ruwa. Baba ya bi shi da kallo, ya ce, "Mu je."

A wancan gefe muka samu akwatunanmu sun riga mu, ɗaya ya jiƙe. Muka shiga wata hafila zuwa Madani, daga can muka samu bas ta Khartum da ƙyar, Baba yana zaune da jiƙaƙƙiyar riga ja da laka, yana rawar sanyi duk da zafin da ake yi. Ni kuma idona yana kan rana, ina ganin tana hawa.

Mun shiga Khartum rana ta kusa tsaka. Babu maganar zuwa gidan kowa. A tashar bas masu tasi suka ce ba mai zuwa wajen filin jirgi yau, an rufe manyan tituna, matasa kuma sun jera duwatsu a ƙananan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Daga ƙarshe wani dattijo mai furfura, mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya dubi Baba ya dubi rigarsa, ya ce zai kai mu iya inda zai iya.

Ya bi da mu ta cikin unguwanni, lungu zuwa lungu. In muka tarar da duwatsu, sai ya sauka ya yi wa samarin magana, ya nuna Baba, su ɗage dutse biyu mu wuce su mayar. A wani wuri hayaƙin taya ya rufe titi, wani abu kuma yana yaji a ido da maƙogwaro, Baba ya fara tari, na jiƙa gefen mayafina da ruwan fulas na rufe masa hanci. Can muka ji ƙara kamar ana buga ƙofar ƙarfe, mutane suka taho da gudu ta inda muke nufa. Mai raksha ya juya ya shiga wani lungu ya kashe inji. Muka laɓe a jikin wata katanga. Wata mata ta leƙo daga ƙofa ta miƙo mana ruwa a kwano.

Da ƙafa ta ɗauke, ya sake tayarwa. Ya kai mu har inda muke hango katangar filin jirgi, ya ce daga nan sai ƙafa, sojoji ba sa barin raksha. Na ɗora akwati ɗaya a ka, na ja ɗaya, Baba ya karɓi fulas. A shingen na nuna jawaz da tazkara, sojan ya dube mu sama da ƙasa, ya duba laka a rigar Baba, ya ce, "Ya Hajj, daga ina haka?" Baba ya ce, "Daga Mai Wurno." Ya ɗaga mana igiya.

Lokacin da muka isa teburin awon kaya, ma'aikaciyar ta riga ta fara tattara takardunta. Na ajiye jawaz a gabanta. Ta dube ni, ta ɗaga waya ta yi magana da wani, ta daɗe tana saurare. Sannan ta ce, "Ku ɗora akwatunan, da sauri." Baba ya canza riga a banɗakin filin jirgi, ya fito ba rawani, da 'yar hula kawai, ya zama wani ƙaramin tsoho da ban saba gani ba. Mu ne na ƙarshe da suka shiga jirgi.

A Alƙahira wayata ta kama shabaka, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ba za su ƙare ba. Na ƙanwata sun fi yawa, na ƙarshe tana kuka, ta ga hotunan Khartum, ta kira kowa ba ta samu ba. Na Yaya ma da yawa, duk gajeru: kuna ina, ki kira ni, don Allah ki kira ni. A cikinsu akwai wanda ya tsaya mini a rai. Ya ce, "Na kira ta ko ta ji daga gare ku. Ita ma ba ta ji ba." Na sake saurara don in tabbatar abin da na ji ke nan. Na sa wa Baba a kunne. Ya saurara, ya miƙo mini wayar, ya tambaye ni ina alƙibla.

Kwanakinmu a Filadelfiya sun yi daɗi, jikoki suka saba da Baba har suna faɗa a kan wa zai riƙe masa sanda. Amma maganar mota ba wanda ya tayar, ni kuma ina ƙirga kwanaki a zuci. Ana jibi ranar da ya kamata mu tashi, Yaya ya fita da safe ya daɗe, ya dawo hannunsa da baƙin mai. Matarsa ta tambaye shi ina ya je. Ya ce ya kai mota an duba birki an sauya tayoyi. Bai kalli kowa ba da ya faɗa.

Mun yi wuni guda a hanya, ta cikin duwatsu da ramukan da aka fasa a cikinsu, sannan gonakin masara da ba su da iyaka. Baba yana gaba yana ta tambaya, wa ke ba su ruwa, ina manoman suke da ba a ganin kowa. Yaya yana amsawa. Da muka fara ganin allunan Kolombos sai amsoshinsa suka gajarce.

Ƙanwata tana tsaye a bakin ginin da take zaune, da yaranta biyu. Ta rungume Baba tana kuka, ta rungume ni. Yaya ya buɗe bayan mota ya sauke akwatuna ya jera su a gefen titi, ya rufe, ya tsaya riƙe da makulli. Ya ce wa Baba shi zai juya, gobe yana da aiki.

Baba ya ce, "La'asar ta yi. Ka shigo mu yi salla, in ka sallame ka tafi."

Ya shiga. Bayan salla abinci yana ƙasa, tuwon asida da miyar kuɓewa, ya zauna ya ci. Ita ta zuba masa, ya ce na gode, ta ce ba komai. Iyakar abin da na ji sun ce wa juna ke nan a ranar. Ba a ambaci Inna ba. Magariba ta yi, Baba ya ce ba a tuƙi da gajiya, aka shimfiɗa masa a falo.

Da safe na leƙa ta taga na gan su a wurin ajiye motoci. Ta ba shi wata leda ya sa a kujerar baya. Tana nuna masa da hannu yadda zai fita ya hau babban titi, ya bi dama, ya wuce gidan mai, kada ya ɗauki na farko. Wayarsa tana manne a gaban mota da taswira a buɗe, ita za ta kai shi har ƙofar gidansa. Ya tsaya dai da hannu a kan ƙofar motar, yana gyaɗa kai, har ta gama.